Fitilar Tela Sulaimanu

A watan Oktoban shekarar 1956, cikin makon da jiragen ruwa na ƙarshe suka bar tashar Garwa kafin Binuwai ya janye, Tela Sulaimanu na unguwar Hausare ya sayi fitilar famfo ƙirar Jamus a wani kantin bakin kogi. Irin fitilar nan ce da ake zuba wa kananzir, a buga mata iska, ta ba da farin haske mai huci. Mutanen Garwa Aida suke ce wa kowace irinta, ko wace masana'anta ta ƙera ta. A gabanta ya yi ɗinkin Sallah shekara ashirin da bakwai, har aka jawo wa gidan lantarki a 1983, shekara guda bayan an gama madatsar Lagdo. Daga ranar aka naɗe ta a tsohon zane, aka tura ƙarƙashin gado, ta yi shekara arba'in a can.

'Ya'ya biyu suka rage wa telan a duniya. Babbar ita ce Hajiya Haula, mai shekara saba'in da takwas, wadda ta dawo gidan mahaifinta bayan rasuwar mijinta, ciwon ido kuma ya rufe mata gani shekara shida da suka wuce. Ƙaramin shi ne Malam Abdulhalim, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin gidan waya kafin ya yi ritaya. A ƙarshen daminar 2023 ɗan Hajiya, Oumar, ya zo daga Ngawundere da maganar da aka daɗe ana kauce mata: zaman mahaifiyarsa ita kaɗai ya isa haka, zai dawo ya ɗauke ta nan da mako uku. Ba ta yi gardama ba. Ta aika aka kira ƙaninta, ta tura masa ƙullin zanen da ƙafa.

"Auta, fitilar Baba ce. Ba zan bar Garwa in bar ta ba, kuma ba zan tafi da ita matacciya ba. Ka kai a tashe ta."

"Yaya, gidan Oumar akwai lantarki, har da na rana."

"Na tambaye ka abin da ke gidan Oumar?"

Ya ɗauki ƙullin ya fita.

A kasuwar Rumde Ajiya mutum ɗaya ya rage wanda ya san cikin Aida. Sunansa Barthélemy, mutumin Yagwa, wanda ya zo Garwa yana saurayi ya tsufa a ƙarƙashin rumfar kwano guda. Yanzu tocila da fitilun rana yake gyarawa. Ya warware zanen, ya juya fitilar, ya ja famfon, famfon ya biyo hannunsa ba tare da ya riƙe iska ba.

"Malum Post," in ji shi, da laƙabin da yake kiransa da shi tun zamanin gidan waya, "wannan aikin kwana goma ne, ni kuwa ga layin tocila. Idona ma ba ya ganin ramin allura yanzu. Kai me kake yi da safiyarka ban da gyara wa masu rediyo kwanan wata?"

"Ban taɓa kwance ko agogo ba."

"Ka iya buɗe wasiƙar mutane ka mayar, ai wannan ba zai gagare ka ba."

"Ban taɓa buɗe wasiƙar kowa ba, Barthélemy."

"To ga ta farko."

Haka aka shirya. Malam Abdulhalim zai yi aikin a zauren gidansa, kowace hantsi ya kawo wa Barthélemy abin da ya gagare shi. Mai gyaran ya jawo wani tsohon kwali daga bayan rumfa, cike da gawarwakin fitilu, ya ce ya ɗebi abin da yake bukata.

Ya fara aikin kamar yadda ya saba fara kowane aiki. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ajiye ambulan guda hamsin da suka rage masa tun zamanin ofis. Duk abin da ya kwance, komai ƙanƙantarsa, sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta sunansa, da inda ya fito, da kwanan wata. Ranar farko tankin kaɗai ya wanke. Kananzir ɗin shekara arba'in ya zama wani jan danƙo mai wari, sai da ya ɗauraye shi sau bakwai kafin abin da ke fita ya yi fari. Rana ta biyu ya zaro famfon, ya tarar da fatar da ke bakinsa ta bushe kamar ɓawon gyaɗa. Barthélemy ya yanka masa sabuwa daga harshen tsohon takalmi, ya ce ya jiƙa ta a mai ta kwana. Shi kuwa ya ga kwana ya yi yawa, ya ba ta awa biyu, ya cusa, ta yage. Washegari ya koma rumfa da guntayenta a ambulan.

"Ka rubuta mata kwanan watan mutuwa?" in ji Barthélemy.

"Na rubuta."

"Madalla. Ga wata. Wannan ka bar ta ta kwana, ba wasiƙar gaggawa ba ce."

Ta kwana, ta yi laushi, ta shiga, famfon ya fara turjiya a hannu. Sai bututun da mai ke hawa ta cikinsa, wanda baƙin hayaƙi ya toshe. Ya gasa shi a garwashi, ya tsoma a ruwa, ya kakkaɓe, har sau uku. Allurar da ke share ramin man ta fi gashin gira siranta, kuma ya karya biyu kafin ya gane cewa ba a tura ta, bi ake yi da ita.

A rana ta bakwai ya ɗaura mansho, wato 'yar jakar zaren nan da ke zama fitilar kanta idan ta ƙone ta yi fari. Ya ƙona ta yadda aka gaya masa, ta koma toka mai siffar ƙwai. Kyanta ya burge shi, ya kai yatsa ya taɓa, ta zube a kan ƙyallen. Ya ɗaura ta biyu. Ya zuba alkol, wato sifirit mai saurin kama wuta, a ɗan kaskon da ke ƙarƙashin bututu, ya kunna domin bututun ya yi zafi, ya duba agogo, da minti ɗaya ya cika ya ɗaure notin iska ya hau bugu. Wata jar wuta ta tashi ta saman fitilar har ta lashi gefen gemunsa, zauren ya cika da hayaƙi. Ya saki notin, wutar ta kwanta. Ya zauna ya rubuta a littafinsa cewa minti ɗaya bai isa ba.

"Agogo ba ya kunna Aida," in ji Barthélemy da ya ga gemun. "Alkol ɗin yanzu rabinsa ruwa ne. Ka cika kaskon sau biyu, ka jira wutar ta kusa mutuwa, sannan ka buga dusuma, a hankali, kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai."

A rana ta tara fitilar ta kama. Mansho ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, sannan ya yi farin da ido ba ya iya tsayawa a kansa, hucin nan ya cika zauren da tsakar rana. Malam Abdulhalim ya bar ta tana ci awa guda cur, ya kashe, ya sake kunnawa, ta sake kamawa. Da ya kai labari rumfa, Barthélemy ya miƙa masa hannu.

"To, ta ci. Cire hannunka daga kanta, ka kai wa mai ita."

Amma saura kwana goma sha biyu, kuma mutumin da ya gano cewa hannunsa ya iya abu ba ya son ya tsaya. A cikin kwalin Barthélemy ya sami takardar da ake sakawa a akwatin irin wannan fitila, da Jamusanci da Faransanci, da hotonta yadda take fitowa daga masana'anta. Ya ajiye hoton kusa da fitilar mahaifinsa, ya ga bambanci uku. Kan famfon da ke hoton baƙin ƙarfe ne mai zane, na fitilarsu kuwa wani guntun ƙahon saniya ne da aka fafe aka cusa. Mariƙin da ke hoton waya ce tsirara, nasu an naɗe shi da fatar da ta yi baƙi ta tsattsage. Sannan a gefen tankin, ƙasa da famfo kaɗan, akwai wurin da ya lotsa, faɗin babban yatsa. A ganinsa waɗannan duka ɓarnar zamani ce, gyara kuwa shi ne a mayar da abu yadda yake ranar da aka saye shi. Ya cire ƙahon ya sa kan ƙarfe daga kwali. Ya yanke fatar da reza. Ya cike lotsawar da darma, ya bi ta da magagari, ya goge tankin da toka da lemun tsami har yana ganin fuskarsa a ciki. Ko a hoton ba ta kai haka kyau ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku tafiya, ya kai ta Hausare bayan la'asar. Oumar ya riga ya iso, yana ɗaure kaya a tsakar gida. Da ya ga fitilar ya ajiye igiya.

"Kawu, wannan sabuwa ka sayo?"

"Ta 1956 ce," in ji Malam Abdulhalim, ya shiga ɗaki ya ɗora ta a cinyar yayarsa.

Hajiya Haula ta kama mariƙin, ta tsaya. Ta gangara da hannu zuwa famfo, ta murza kansa tsakanin yatsu biyu. Sannan ta zagaya tankin da tafin hannu, sau ɗaya, sau biyu, babban yatsanta yana komawa wuri guda yana nema. Ta ɗauke hannuwanta duka biyu.

"Ta wa ce wannan?"

"Ta Baba ce, Yaya. Tana ci yanzu, bari in kunna miki."

"Kada ka ɓata ashanarka. Wannan ba tamu ba ce. Ko mai gyaran ya musanya maka, ko tamu ta lalace a hannunka ka ji kunyar faɗa. In ta biyun ce, ka faɗa mini, ba zan ce komai ba."

"Akwai lamba a gindinta. Na rubuta ta tun ranar da na karɓa, ita ce dai har yanzu."

"Lamba." Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Da wane idon zan karanta lambar?"

Oumar ya leƙo daga ƙofa. "Mama, da kin ga yadda take walƙiya."

"Wa take yi wa walƙiyar?" Ta tura fitilar gaba kaɗan. "Auta, mayar wa masu ita. Mutane ba sa son a riƙe musu kaya. Ni zan tafi haka nan."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi masa nauyi. Ya ɗauki fitilar ya fito. A kan hanya ya fahimci abin da ya yi: kwana tara yana yi wa ido aiki, alhali mai kayan da hannu take gani. Idan ta hau mota ranar Asabar a kan wannan zato, za ta zauna a Ngawundere tana ɗauka cewa ya salwantar da fitilar mahaifinsu, ya kuma rufe da ƙarya.

Bai tsaya baƙin ciki ba, domin ya san inda komai yake. Ambulan na talatin da ɗaya, kan famfo na ƙaho. Ambulan na talatin da biyu, fatar mariƙi, guntaye biyar. Lotsawar ce kawai ba ta cikin ambulan. Da hantsin Alhamis ya isa rumfa ya faɗi bukatarsa.

Barthélemy ya cire tabarau ya dube shi. "Shekara hamsin ina wannan aiki. An kawo mini lotsattsiya a ce in cike. Yau ne farkon da aka kawo cikakkiya a ce in lotsa."

"Ba lotsawa za a yi ba. Tana nan a ƙarƙashi, darmar za a cire."

"Kuma wa ya ce maka ka cire hannunka?"

"Kai ne. Ranar goma sha ɗaya ga wata."

"Ka rubuta wannan ma, amma ba ka bi ba."

Suka juye kananzir, suka wanke tankin da sabulu har warin ya fita, domin ba a kai wuta kusa da tankin da ke da tururin mai. Barthélemy ya riƙe, Malam Abdulhalim ya kai ƙarfe mai zafi, darmar ta narke ta gangaro, ya share da tsumma. Lotsawar ta fito, da ɗan farin tabo a gefenta. Ƙahon ya koma wurinsa kamar bai taɓa fita ba. Fatar ce ba ta da dawowa. Ya kai mariƙin wurin wani baduku a layin masu takalma, aka naɗe shi da jar fatar akuya, aka bi sawun tsohon ɗinkin da ke jikin guntayen.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya koma. Hadari ya haɗu ta gabas, ɗakin Hajiya ya yi duhu. Ya ɗora mata fitilar a cinya, ya sa mata ambulan a hannu.

"Mene ne wannan kuma?"

"Fatar mariƙin ce. Ni na yanke ta, ba ta gyaruwa. Na sa sabuwa. Ƙahon ma ni na cire, wurin da ya lotsa ni na cike. Na ga hoto ne na bi."

Ta zazzage guntayen a tafinta, ta shafa, ta kai hanci. Ta mayar da su ta ajiye a gefe. Sannan ta kama ƙahon, ta daɗe tana murza shi.

"Shekarar 'yancin kai na ƙarfen ya karye," in ji ta. "Baba ya karɓo wannan a mahauta, ya fafe shi da almakashin ɗinki. Ga inda almakashin ya zame."

Hannunta ya gangara, babban yatsan ya faɗa cikin lotsawar ya zauna daidai.

"Ka san abin da ya yi wannan?"

"Na ɗauka faɗuwa ta yi a shago."

"A shago." Ta yi 'yar dariya. "Kai da kake gyara wa mutane shekarar da Jamus suka bar Garwa. Saura kwana biyu jarrabawarka ta gama firamare, kana karatu a teburin Baba, barci ya kwashe ka, ka ture ta da gwiwar hannu. Ta bugi ƙafar keken ɗinki, na cafe ta kafin ta kai ƙasa." Ta janye hannun rigarta, ta nuna wani tsohon tabon ƙuna a wuyan hannu. "Na ce wa Baba ni ce na yar, don kada ya hana ka ita. Kai ko farkawa ba ka yi ba."

"Yunin 1963," in ji shi a hankali.

"Wannan kai ka sani. Ni dai na san ranar Talata ce. Kawo alkol ɗin."

Ya sauke fitilar a gabanta, ya cika kaskon, ya ƙyasta ashana. Da wutar ta ja baya ya ƙara na biyu. Daga nan ya kai hannu zai ɗaure notin iska, ta buge hannun.

"Shekara tara ni nake kunna ta kowace magariba, kai kana zaune da littafi kana jira. Bari."

Ta ɗaga tafinta sama da hular fitilar, ta riƙe shi a can tana auna zafin. Oumar ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Can ta sauke hannun, ta lalubi notin ta ɗaure, ta kama ƙahon ta fara bugu, gajere gajere, kanta a karkace tana saurare. Fitilar ta yi tari sau ɗaya, ta kama. Hajiya ta ci gaba da bugu har hucin ya daidaita, ya zama sauti guda mara yankewa, sannan ta tsaya. Haske ya fito da kowane abu a ɗakin, da akwatunan da aka ɗaure, da ƙusoshin bango inda aka sauke hotuna.

"Ita ce," in ji ta. "Famfon ma ya fi na da riƙe iska. Wa ya yanka fatar?"

"Barthélemy ya yanka, ni na sa."

"To ka iya. Gemun da aka ce ka ƙona fa, ya fito?"

"Wa ya gaya miki?"

"Garwa ce."

Da safiyar Asabar Oumar ya so ya sa fitilar a bayan mota tare da akwatuna, ta ce a cinyarta za ta zauna. Malam Abdulhalim ya juye kananzir ɗin, ya naɗe ƙwan gilashin da tsumma, ya gaya mata cewa mansho ba zai kai gadar Binuwai ba zai zube, balle hawan dutsen Ngawundere.

"Na sani tun kafin ka yi wayo. Akwai wani?"

Ya miƙa mata ambulan mai mansho huɗu, da allura biyu, da fatar famfo guda da ya yanka da kansa ya jiƙa ta kwana. A bayan ambulan ɗin ya rubuta wa Oumar yadda ake ɗaurawa, da gargaɗin kada a taɓa bayan an ƙona. Ta cusa shi a jakarta tare da na guntayen tsohuwar fata, ta kama sabon mariƙin da hannu biyu.

"Wannan jar fatar ta yi santsi da yawa," in ji ta. "Ba komai, hannu zai gyara ta. Oumar, mu tafi."

Da motar ta sha kwana, Malam Abdulhalim ya nufi Rumde Ajiya don ya mayar da kan famfon ƙarfen cikin kwalin da ya fito. Ya tarar Barthélemy ya ajiye masa wata Aida a gefen rumfa, ta wata mai suyar kifi ce, Émilienne, wadda ta gaji da fitilun da ke mutuwa a tsakiyar ciniki. Mariƙinta waya ce ta keke, an ɗaure ƙwanta da zaren ƙarfe. Ya ɗaga ta ya duba ta ko'ina, ya ce kafin ya kwance ko noti ɗaya yana so a kai shi wurin mai ita, akwai tambayoyin da zai yi mata.